Amsa kan gustare da gustar: ki fara sauke maganar a Hausa

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanwata mai tambaya, sannu da ƙoƙari. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa, don ba magana ce ta layi biyu ba.

Ga waɗanda ba su gani ba, karatu take yi a Madrid, sai wani Ba'italiye mai ƙaramin gidan abinci ya ba ta aikin fassara takardar jerin abincinsa da 'yan kalaman talla, daga Italiyanci zuwa Sifaniyanci da Turanci. A ciki akwai "un caffè da gustare con calma", wato kofin da za a ji daɗin shansa a natse. Ta rubuta "un café para gustar con calma", ƙawarta 'yar ƙasar ta karanta ta ce ba a faɗin haka. Shi ne take tambaya, ashe gustare da gustar ba kalma ɗaya ba ce? In kuma za ta kai Turanci, taste za ta sa, ko like, ko enjoy? Ta haɗo da wasu jimloli biyu, "per tutti i gusti" da "il piacere della tavola".

Ni ba a aji na koyi harsunan nan ba. Shekara 11 na yi a Bresha, arewacin Italiya, daga wanke-wanke a kicin har na zama mataimakin kuku. A 2014 na koma Balensiya, a Sifaniya, kuma tun lokacin tafinta nake yi wa 'yan'uwanmu a ofisoshi da asibitoci, ina taɓa fassarar takardun gidajen abinci a gefe. Abin da zan faɗa miki daga bakin tukunya na samo shi.

Ƙawarki ta yi gaskiya. Gustare na Italiyawa, mutum ne ke aikata shi a kan abinci: ya zauna, ya kurɓi kofi a hankali, ya bar shi ya ɗan jima a harshe kafin ya haɗiye. Gustar na Sifaniyawa kuwa, a maganar yau da kullum, abin ne ke aikatawa a kan mutum. "Me gusta el café" ba ya nufin ina ɗanɗana kofi, yana nufin kofi ya yi mini. In Ba'italiye zai faɗi wannan, "mi piace il caffè" zai ce. Ki duba Facebook ɗinki ma: maɓallin da Turanci ya kira Like, in kin juya wayar zuwa Italiyanci zai zama Mi piace, in kin juya Sifaniyanci ya zama Me gusta. To kin ga abokin gustar shi ne piacere, ba gustare ba, duk da kamar da suke yi.

Kalmomin biyu, gustare (gustar) da piacere (placer), daga Latin aka gaje su, kuma kowane harshe yana da duka biyun. Rabon gado ne ya bambanta. Italiyawa suka sa piacere a aljihu suna yawo da shi, Sifaniyawa suka sa gustar. Akwai "me place" a Sifaniyanci, amma in kika faɗe shi a kasuwa za a ji kamar daga tsohon littafi kika fito. Akwai "mi gusta" a Italiyanci, sai dai yawanci da sigar raha ake furta shi, mutanen yankin Tuskani na Italiya ma "mi garba" suke cewa. Ƙamus na hukumar harshen Sifaniyanci, wadda aka kafa a 1713, har yanzu yana kawo ma'anar ɗanɗanawa a ƙarƙashin gustar, kuma ina zaton irin wannan ne ya ba ki ƙwarin gwiwa. Ba ƙarya ƙamus ya yi ba, amma mai shigowa shan kofi a Madrid ba haka kunnensa ya saba ba.

Don haka ki rubuta "para saborear con calma", ko "para disfrutar sin prisa". A Turanci savour ce kalmar. Kada ki sa taste, domin taste ɗanɗanawa ce ta gwaji, irin wadda uwargida ke yi da bakin ludayi ta ji ko gishiri ya ji. Wannan a Italiyanci assaggiare ne, a Sifaniyanci probar. Akwai kuma degustar da catar, amma na masana ne, waɗanda ake jera wa ƙananan kofuna na man zaitun su bambance na wannan gona da na waccan. Ba wanda ke catar kofinsa na bayan abinci.

Wannan ita ce gajeriyar amsa. Amma abin da ya sa na zauna rubutu shi ne hanyar da na lura kina bi, wadda ni ma na bi ta shekara da shekaru: ki ɗauko Italiyanci ki kai Turanci a cikin kanki, sannan daga Turanci ki wuce Sifaniyanci. A fagen ɗanɗano da jin daɗi, Turanci gada ce mai rauni. Hausarki ta fi ta kusa da harsunan nan biyu nesa ba kusa ba.

Ɗauki ginin jimlar kansa. Na sha ganin Turawan Ingila da ke koyon Sifaniyanci suna fama da "me gustan los zapatos" da "mi piacciono le scarpe", suna tambayar me ya sa aikatau ya koma jam'i alhali mutum ɗaya ne ke so. Ke kuwa tun kina yarinya kike cewa "rigar nan ta yi mini", "takalman nan sun yi mini". Ba ke ce mai aikin ba, kayan ne, shi ya sa "ta" ta koma "sun". Daidai wa daida. A tsohon Turanci ma haka like take aiki, abin ne ke yi wa mutum, daga baya ta juye.

Sai kalmar ji. Mu muna jin magana, mu ji sanyi, mu ji ƙamshi, mu ji gishiri a miya, mu ji daɗi. Ba'italiye da sentire yake yin kusan duk wannan. Kuku zai miƙo maka cokali ya ce "senti", kuma ba saurara yake nufi ba, ji yake nufi irin namu. Bature sai ya raba maka shi gida huɗu, hear, feel, smell, taste, ya ce zaɓi ɗaya. Sifaniyanci yana tsakiya: sentir ya fi karkata ga abin da zuciya da jiki ke ji, har da nadama, shi ya sa "lo siento" ke nufin ban haƙuri, jin kunne kuma oír ne.

Kukun da na yi aiki a ƙarƙashinsa dattijo ne mutumin Tuskani, marar yawan magana. Kullum kafin a buɗe wa baƙi ƙofa sai ya zagaya tukwane da ƙaramin cokali da yake sokewa a aljihun gaban riga. Ran nan ya ɗebi romon da na dafa, ya kai baki, ya ɗan rufe ido, ya dube ni ya ce "sciocco", ya wuce. Abin da na sani a lokacin, sciocco wawa ne. Raina ya ɓaci, na yini ban ce masa uffan ba. Sai da dare muna goge murhu, wani yayanmu ɗan zangon Kumasi da ya riga ni daɗewa a kicin ɗin ya ce, "Ƙanena, ba da kai yake ba, da romon yake. Bai ji gishiri ba." A Tuskani abinci marar gishiri shi ne sciocco, har burodinsu na gargajiya da ba a sa masa gishiri pane sciocco suke ce masa. A Roma sciapo ake cewa, a rubutu kuma insipido. Sifaniyawa na da kalmar "soso", kuma su ma suna jifan mutum da ita, wanda zama da shi ba armashi. Mu ma ai muna cewa miya ta yi lami, hira ta yi salam.

Daga wurin dattijon nan na koyi cewa sani da ɗanɗano aikatau ɗaya ne a harsunan biyu. "Sa di bruciato", "sabe a quemado", wato ya yi ƙauri, da kalmar da ake cewa wane ya san abu ake faɗinsu. Tushen Latin ne, sapere, wanda ya haifi sapore da sabor, shi ne kuma a cikin Homo sapiens. In Ba'italiye ya ce "non sa di niente" a kan miya ko a kan fim ko a kan mutum, lami yake nufi. Na taɓa ganin na'urar fassara ta mayar da ita "bai san komai ba".

Gishiri kansa, ki yi hattara da shi in ya bar tukunya. A Italiya "conto salato" lissafi ne mai tsada da ya ƙona aljihu. A kudancin Sifaniya in aka ce yaro salado ne, ko yana da salero, yabo ne, mai shiga rai ne, mai ban dariya. A Meksiko da wasu ƙasashen yankin, "estar salado" rashin sa'a ne. Mu kuma in an ƙara wa magana gishiri an zuzuta ta ne.

Akwai wani kuskure da namu ne mu 'yan Afirka ta Yamma, kuma daga daɗi ya samo asali. Mun saba cewa miya ta yi sweet a Turancinmu na gida, muna nufin daɗi. Sai ɗan'uwa ya iso Italiya, a ba shi taliya, ya so ya yaba, ya ce "è dolce". Mai girkin sai ta ɓata fuska ta koma ta ɗanɗana miyar, don ce mata ya yi ta yi zaƙi, kamar an zuba sukari. Hausa ta raba daɗi da zaƙi sarai, Turancin titi ne ya cakuɗa mana su. Daɗi shi ne buono, ko squisito in ya kai maƙura. A Sifaniyanci "está bueno" ko "qué rico". Rico ɗin nan ma tarko ne: asalinsa mai arziki, amma a kan abinci daɗi kawai yake nufi. Kika kai shi Turanci kika ce rich, kin ce abincin na da maiƙo da nauyi. Haka hot: mu muna da zafi muna da yaji, Italiyawa na da caldo da piccante, Sifaniyawa caliente da picante, Bature ne kaɗai ya haɗa su a kalma ɗaya. Tunda takardar abinci ce a hannunki, ki tuna caldo a Sifaniyanci romo ne, burro man shanu ne a Italiya amma jaki ne a Sifaniya, aceto kuma ruwan khal ne, ba aceite ba, wanda shi ne mai.

Wanda ya fi taɓa ni ba a kicin ya faru ba. Ban daɗe da zuwa Balensiya ba, kunnena duk Italiyanci ne, aka kira ni in yi wa wani yaro ɗan Damagaram tafinta tsakaninsa da tsohuwar da ta ba shi hayar ɗaki. Ya manta tukunya a wuta, hayaƙi ya baƙanta bangon kicin. Muna tsaye mu uku a gaban bangon, tsohuwar ta dafa ƙirji ta ce, "Me he llevado un disgusto muy grande." A Italiyanci disgusto ƙyama ce, kamar disgust na Turanci. Na juya na ce wa yaron, "Ta ce abin ya ba ta ƙyama ƙwarai." Yaron ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Yaya, gaya mata zan kwashe kayana ƙarshen wata." Na san abin da ya ji. Baƙo baƙar fata in aka ambaci ƙyama a gabansa, ba bango yake tunani ba. Tsohuwar ta rasa me ya yi zafi haka. Washegari na ba wata abokiyar aiki 'yar ƙasar labari, ta ce ai disgusto a wurinsu ɓacin rai ne da tashin hankali, irin wanda uwa ke cewa ɗanta ya jawo mata. Ƙyama asco ce. Matar cewa take yi hankalinta ya tashi, ta tsorata da abin da ka iya faruwa da shi. Ban yi wata-wata ba na koma gidan, na haɗa su, na ce laifin bakina ne, na sake fassara maganar yadda take. Ya ƙara shekara 3 a ɗakin nan. Tun daga ranar, duk kalmar da ta yi mini kama da wadda na sani a ɗaya harshen, sai na tsaya na tambayi mai maganar me yake ji a ransa kafin in buɗe baki.

Tunda ke mace ce a ƙasar mutane, bari in faɗa miki wannan a matsayin yaya. Kalmomin daɗin abinci in suka hau kan mutum, ma'anarsu na sauyawa. "Me gustas" da "mi piaci" ba "kana da kirki" ba ne, furucin so ne. In abokin karatu kike nufin jininku ya haɗu, "me cae bien" za ki ce, a Italiyanci "mi sta simpatico". "Es bueno" mutumin kirki ne, amma "está bueno" ko "está buena" a kan mutum magana ce ta sha'awar jiki, haka rico da rica. Godere na Italiyanci in ya tsaya shi kaɗai yakan karkata can, sai an ce "goditi la vacanza" ko "godersi la vita" yake zama wankakke. Gozar ma yana da wannan gefen. Disfrutar ba ta da wannan matsalar, shi ya sa na ba ki ita.

Enjoy da kika tambaya, Sifaniyanci ya huta, disfrutar ta ɗauke kusan duka. Italiyanci ba shi da kalma ɗaya da za ta maye ta. In abinci aka ajiye, "buon appetito". In biki za a, "divertiti". In hutu ne, "goditi". In kofi ne, gustare ɗin nan taki. Sifaniyawa kan ce "que aproveche" ko "buen provecho", wato a ci lafiya. Bature ba shi da tasa ta gado, ko ya ari ta Faransawa ko ya ce enjoy. Wani abokin aikina ɗan Meksiko, duk lokacin da na same shi yana cin abinci sai ya ɗaga kwano ya ce "¿gusta?" Ba tambayata yake ko ina son irin abincin ba. Bismillah yake yi mini, ni kuma in ce "provecho", kamar yadda za mu ce alhamdu lillahi, a ci lafiya. Marmari kuwa, a Sifaniya "me apetece", a Meksiko "se me antoja", a Kolombiya da Peru "me provoca", a Italiya "mi va" ko "ho voglia di".

Ita gusto ɗin a matsayin suna, harsunan uku duk suna da ita, kuma kowa da inda ya ajiye ta. A shagon askirim na Italiya za a tambaye ki "quanti gusti?", kala nawa za a zuba miki. A Madrid sabores ne, a Turanci flavours. A Ajantina kuwa gustos suke cewa, kuma ba abin mamaki ba ne in aka duba yawan Italiyawan da suka yi ƙaura can. "Mucho gusto" gaisuwar haɗuwar farko ce, inda Ba'italiye zai miƙa hannu ya ce "piacere". "Con mucho gusto" shi ne da farin ciki zan yi, Italiyanci volentieri, kuma a Kolombiya da Kosta Rika da shi ake amsa godiya. "Estar a gusto" sakewa ce, mutum ya ji kamar a gidansu. Turawa sun ari gusto daga Italiyanci, amma a bakinsu ta koma karsashi da kuzari. In mai hidimar tebur ya ce "con gusto" kika fassara "with gusto", kin mai da ladabinsa zumuɗi.

Wani lokacin ma Hausa ce kaɗai ke fitar da ni. Akwai ɗan itacen da Italiyawa ke kira cachi, yana fitowa da kaka, in bai nuna ba yana ɗaure baki. Suna da aikatau na musamman a kansa, allappare. Ranar da na fara gatsa ɗanyensa, matar da ke sayarwa ta ga fuskata ta ce "allappa, eh?" Nan take na ce a raina, bauri! Baurin ɗanyar kanya sak. Daga baya na gano ashe cachi da kanya 'yan gida ɗaya ne a wurin masana tsirrai. Turanci sai dai astringent, kalmar da ta fi kama da ta kantin magani. Ke da kike da zaƙi, ɗaci, tsami, bauri, gardi, yaji, maiƙo, ƙauri da lami a bakinki, har da santi, wanda ban taɓa samun kalma ɗaya da ta ɗauke shi a harsunan nan uku ba, bai kamata ki riƙa tsayawa a tasty da delicious kafin ki ƙarasa inda za ki ba.

Sauran jimlolinki biyu. "Per tutti i gusti" ba ta da wahala, a nan harsunan sun yi daidai: "para todos los gustos". Gusto ɗin a nan zaɓin rai ne, kowa da abin da ya yi masa. A Turanci "something for everyone" ta fi "for all tastes" sauƙi a kunne.

"Il piacere della tavola", wato jin daɗin teburin cin abinci, ita ce ke son a tsaya a kanta. A Sifaniyanci "el placer de la buena mesa" ta zauna daram. A Turanci akwai "the pleasures of the table", amma tana da ƙamshin littafi, kuma pleasure a wurin Bature kalma ce da yake ɗan taka-tsantsan da ita. Ba'italiye ba ya jin nauyin piacere ko kaɗan. Ƙungiyar Slow Food da Carlo Petrini ya assasa a garin Bra na Italiya a shekarun 1980, da aka sa hannu a kan takardar manufofinta a Paris a 1989, haƙƙin jin daɗi ta ce tana karewa, babban bajekolinta na Turin da aka fara a 1996 kuma Salone del Gusto, wato zauren ɗanɗano, ake kiransa ko a jaridun Turanci. Tavola ɗin ma ba katakon tebur ba ne, ba kuma abincin kaɗai ba, zaman ne gaba ɗaya, da mutanen da hirar. Don haka in mai gidan abincin ya yarda, "good food and good company" ta fi kusa da abin da yake nufi.

Wannan ya dawo da ni kan kofin naki. Sifaniyawa na da sobremesa, zaman hirar da ake yi bayan an gama ci, kwanuka na gaba ba wanda ya tashi, wani lokacin har awa guda ko fiye. Ki koma wurin mutumin ki tambaye shi wane kofi yake nufi. In na safe ne da ake sha a tsaye a bakin kanta, "con calma" ɗin roƙo ne ga mai sauri ya ɗan dakata, sai ki bar saborear. In kuwa na bayan abinci ne, ki gwada masa "un café para la sobremesa", a Turanci kuma "a coffee to linger over". Ki ba ƙawar taki ta karanta da ƙarfi a gabanki, ki kalli fuskarta lokacin da ta iso wurin.